Awo ta Waya

Laraba, bayan La'asar,
nakan lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
in hau saman shago inda sabis ya fi zama,
in jingina da tankin ruwa,
in jira kiran Likita Barira.

Ni na zaɓi haka.
Ta ce in zo ko ta kira, na ce ta kira.
Rafindadi aljihun riga ce, ba ta da faɗi.
Wanda ya gan ni a bencin asibitin nan,
kafin in kai Ƙofar Sauri, labari ya riga ni gida:
"Rabe tela ya taɓu."
Wa zai kai wa taɓaɓɓe shaddar Sallah?

A waya ba ni da fuska.
Nakan faɗi abin da ko filona bai ji ba:
barcin da ya yi mini yaji tun rasuwar Inna,
ƙirjin da ke bugu kamar ana dakan fura,
ranar da na tsaya da almakashi rabin awa
ban san me zan yanka ba.

Yayata Uwani ba ta yarda ba.
Ita ma da nata kayan a ka,
amma duk wata sai ta biya kuɗin mota daga Daura.
"A gidana?" in ji ta. "Ɗaki ɗaya, yara biyar,
maƙwabciya mai kunnen zomo,
ina zan ajiye kukan?
Can akwai ƙofa mai rufuwa,
da mutum mai kallon ƙwayar idona.
Hanyar ma magani ce:
awa guda babu mai cewa Mama."

Dariya na yi mata.

Sai wata Laraba likita ta ce, "Ya jikin?"
Na ce, "Lafiya lau."
Kwana uku ban ci abin kirki ba,
wandon da na ɗinka wa kaina yana zamewa,
amma waya ba ta ganin wando.
Na tattara ƙarfi, na ce, "Likita, akwai wani tunani..."
Na yi ta zuba, na yi ta zuba,
ashe sabis ya daɗe da ɗaukewa,
tanki da tattabaru nake ba labari.
Da ta sake kira, maganar ta koma raminta.

Litinin na ja hula har gira, na tafi.
A benci, kusa da ni, wani dattijo
sanye da rigar da na sha dare a kanta,
na gane ɗinkina a wuya.
Muka gaisa. Bai tambaya ba, ban tambaya ba.
Ya matsa mini wuri.

Likitar ba ta kai muryarta girma ba.
Ta dube ni kafin in zauna,
ta ce, "Malam Rabe, ka rame."
Wata takwas waya na ɓoye mata wannan.

Yanzu Laraba uku a saman shago,
ta huɗu a benci.
Uwani ta ce, "Ka gani?"
Na ce ban gama gani ba,
har yau akwai maganar da ido ke kora mini.

Ni dai abin da sana'a ta koya mini:
ana aiko da awo ta waya,
in yanka, in ɗinka, riga ta shiga.
Kafaɗa ce kawai takan yi gardama,
sai an ɗora mata tef.