Irin Tursunoy

A cikin tsohuwar safarta na same su,
'ya'yan shammam ɗari da 'yan kai, ƙulle da jan zare,
bayan tulun man auduga, inda ba na leƙawa.
Ba ta bar wasiyya a kansu ba.
Ta ɗauka ita za ta shuka.

Da ƙanƙara ta narke daga rufin gidajen Hiwa
na fita bayan gida da fartanya.
Ƙasa ta yi fari fat da gishiri
kamar an ɓarar da buhu.
Sau uku na malala mata ruwa, na wanke ta,
yadda na ga Tursunoy na yi shekara arba'in
ina kishingiɗe ƙarƙashin inabi da butar shayi,
ina ba da shawarar da ba a nema ba.

Rabonmu na ruwan Amu Darya
daren Laraba yake zuwa, ƙarfe biyu.
Na tsaya da fitila bakin magudana, gwiwa na ƙara,
na buɗe masa hanya kunya bayan kunya.
Kwana shida shiru.
Ran na bakwai ganye biyu suka ɗago,
ƙanana kamar kunnen ɓera.

Yaɗo ya kama, ya haye tsohon keken Otabek.
Furanni suka buɗe, rawaya,
na farko duk suka zube, na ɗauka na kashe su.
Maƙwabciya Gulandom ta leƙo ta katanga:
"Maza ne waɗannan, Ergash, zubewa aikinsu.
Duba mai ɗan ƙullutu a gindi, ita ce uwa.
Ka bar ƙudan zuma su yi abin da suka sani."

Na sa wa kowane ɗa fasasshen kasko a ƙarƙashi
kada laima ta ci masa ciki.
Fata ta fara zane, raga a kan raga,
irin na bayan hannuna.

Nan na yi kuskure.
Na so su, sai na yi ta ba su ruwa.
Na farko da na yanka, ƙato, nauyi kamar jariri,
lami. Ko tunkiya sai da ta yi tunani.
Gulandom ta yi dariya har ta riƙe katanga:
"Matarka takan toshe magudana kwana goma kafin ɗiba.
Ba ka taɓa tambayar dalili ba?"
Ban taɓa ba.

Na toshe. Ganye ya yi yaushi da rana,
na juya baya don kada in tausaya.
Dila ya riga ni sanin ranar:
da asuba na tarar ya ƙwaƙule guda, ya bar min ɓawo.
Na kusa da shi na taɓa da ɗan yatsa,
kara ya saki da kansa, babu wuƙa.

Otabek ya kira daga Kazan, yana kan bene na tara,
siminti a gira.
Na nuna masa tsokar, ruwan goro, tana ɗiga.
Ya ce, "Baba, ƙamshin fa?"
Na kai wayar kusa, kamar wawa.
Muka yi shiru mu biyu.

Rabi na miƙa ta katanga.
Rabi na ci a tsaye, ruwa na bin gemu.
'Ya'yan na wanke, na shanya a tire,
ina korar tsuntsaye.
Safar na nan. Jan zaren ya tsinke,
na nemo wani.