Lifidin Gaptiya

Mushe ya ce kowa ya zo da kalma guda daga gida,
tsohuwa, wadda ba a ji a kasuwa.
Tsahara ta same ni kan keken ɗinki.
Na ce kalmomina duk na Kasuwar Dole ne, jiya aka sauke su,
mu je Birni wurin gwaggona,
ita ko ƙanzo ba ta zubarwa.

Muka bi lungun da dutse ya kwanta tsakiyar hanya
kamar san da ya ƙi tashi,
muka wuce guntun garun da awaki ke hawa.
Gaptiya na ɓarar gujiya. Ba ta ɗago ba.
"Kalma? Jawo abin can ƙarƙashin gado.
A hankali. Ya girme ku duka, har da ni mai nunawa."

Ya fito yana warin hayaƙi da man shanu,
ja ne a da, yanzu launin ƙasa,
ɗinki layi-layi kamar kunyoyin gero,
auduga na leƙe ta inda ɓera ya yi ƙofa.

"Lifidi," in ji ta. "Rubuta.
Riga ce, kuma ba riga ba.
Bargo ne da ya je yaƙi ya dawo.
Audugar rimi ake ɗura masa, a danne, a ɗinke.
Kibiya ta taso da fushinta tun daga bayan garu,
ta faɗa cikin taushi, ta rasa abokin faɗa,
ta gaji, ta kwanta.
Wuta kaɗai yake jin tsoron gamuwa."

"Na wa ne?"
"Na kakan mijina, aka ce. Ni ban ga yaƙin ba.
Na dai san ya rufe Brah daren da masassara ta kayar da shi,
ya toshe ƙofa shekarar da ruwa ya ci katangar su Kyari,
uban nan naki ya jiƙa shi ba sau ɗaya ba.
A gidan nan, in yaro ya laɓe bayan uwarsa gudun dorina,
sai mu ce ya shiga lifidi.
Iyakar sanina ke nan. Ta littafi sai ki tambayi masu karantarwa."

"Garkuwa ce ke nan?"
"Ƴan ɗaki ɗaya ne, hali ya bambanta.
Garkuwa fata ce busasshiya, a hannu ake riƙe ta,
ita ce wa kibiya take: koma.
Lifidi cewa yake: shigo."

Tsahara ta ce ai ta san garkuwa.
A likita an ce akwai ta jiki, allura ke ƙara mata ƙarfi,
a rediyo kuma kullum ana yin ta da mutane,
a tare hanya, a bugo waya, a faɗi kuɗi.
Hannun Gaptiya ya tsaya.
"Da mutane?"
Ta daɗe tana duban ɓawon da ke cinyarta.
"A da mutum ne a bayanta.
Kar ki kai wa mushe wannan.
Kai masa lifidi. Shi mantuwa ta tsare shi daga lalacewa."

Na ɗauko shi bayan babur in yi masa faci.
Da dare, a shago, ina mayar da auduga ciki da yatsa,
wani ƙarfe ya soke ni.
Gabana ya faɗi. Na ce kan kibiya ne,
shekara ɗari da ɗoriya yana jiran wanda zai taɓa.
Na haska fitilar waya, na zaro shi.

Allura ce.
Ta maƙera, mai kauri, tsatsa ta cinye mata ciki,
da guntun zare har yanzu a kafarta.
Wani irina ya bar ta nan,
ko an kira salla, ko an buga tambari
kafin ya kai ƙarshen layi.

Na tsotse jinin yatsana.
Tsahara ta riga ta rufe kaye,
ta yi barci kan tarin yadin mutane,
ƙafa ɗaya a waje.
Na ja gefen da ban farke ba, na rufa mata.