Sallama a Rumfar Mahauta

Tabawa ce ta ƙulla su da dare a kan tabarma,
leda goma sha ɗaya:
garin kwaki gwangwani biyu, ƙuli-ƙuli, ƙullin sukari,
sabulu, ashana, maganin sauro,
da silifas da ba mu san ƙafar mai shi ba.
Ni nawa aikin rubuta sunaye ne,
sai dai ba mu da sunayen.
Na rubuta: na gindin tsamiya,
ta bayan injin niƙa,
na rumfar mahauta.

Da na faɗa a majalisa
Alhaji Barau ya yi dariya har hularsa ta karkace.
Ya ce, marar gida ai sai birni,
nan ƙauye ne, kowa ɗan wani ne,
wanda ka gani a waje halinsa ne ya kore shi.
Ilu mai faci ya ce, ka ba su yau,
gobe ka tarar sun shimfiɗa buhu a zaurenka.
Liman yana ta jan carbi,
sai da na miƙe ya ce, akwai lada.
Na sa ladan a aljihu tun ban yi aikin ba.

Kasuwar Gujungu in ta watse
ba ta barin komai sai ɓawon rake, kashin awaki,
da rumfuna masu haƙarƙari a waje.
Na raba goma kafin duhu ya rufa.
Wata ta karɓa ba ta ɗago kai ba.
Wani ya yi min addu'ar da ta fi ledar nauyi.

Ta ƙarshe ta mai rumfar mahauta ce.
Na tarar ya share gabanta tas,
shatin tsintsiya a ƙasa kamar sabon kitso,
buta a gefe, takalmi a waje.
Na sunkuya na shiga, na miƙa.

Bai miƙo hannu ba.
Ya ce, ɗan nan, ba ka yi sallama ba.

Na duba. Ba ƙofa, ba asabari, ba ko zana,
gwafa huɗu ce da rufin kara.
Ya ga inda idona ya je,
sai ya zaro wani zare daga wuyansa,
mabuɗi a jiki, duk tsatsa.
Ya ce, na ɗakina ne, can tsallaken kogi.
Ruwa ya zo cikin dare, damina uku ke nan,
ya tafi da ɗakin, da rumbu, har da kwaɗon.
Sunana Cindo.
Na taɓa saukar da baƙi bakwai a dare ɗaya.

Na ja da baya har inda shara ta ƙare,
na cire takalmina kusa da nasa.
Salamu alaikum.
Ya bar ni na ɗan tsaya,
kamar mai tahowa daga can ƙuryar gida,
sannan ya amsa, ya ce bismilla,
ya karkaɗe min rabin buhu.
A gabana ya kwance ledar,
ya jiƙa garin a kwanon sha, ya marmasa ƙuli,
ya turo min, wai baƙo ke fara sa hannu.
Silifas ɗin ya yi masa kaɗan.
Ya ce akwai mai ƙafar, Hansai, bayan injin niƙa.

Da na dawo Tabawa ta ce, sun isa?
Na ce sun isa.
Ta ce, to ga tuwo.
Na ce na ci a gidan Malam Cindo.
Ta ce, wane gida kuma?

Na jawo littafin kusa da fitila,
na soke layi biyu, na sa sunaye biyu.
Sauran taran suna nan yadda na rubuta su,
suna kallona.