Kamu Shida da Taƙi

Hoton ya yi ja kamar ruwan goro.
Baba Nomau na jingine da ƙofar gingimari,
buhunan albasar Aliero sun yi tozo a bayansa,
ga ta nan kuma, siririya kamar karan gamba,
ta tashi daga gindin madubi ta nufi sama.
Sai dai mai hoto ya sare mata kai.
Tsawonta nawa? Hoton bai faɗa ba.

Akwatin oba-oba yana nan ƙarƙashin gadon Inna,
gizo-gizo ya yi masa zani.
Eriyar ce ta bi 'yan gwangwan
shekarar da aka sayar da motar don biyan asibiti.

Na je tashar Jega wajen Labbo,
karen motarsa a da, yanzu mai sayar da man juye.
Ya ce, "Ɗiyata, mi kika so da wanga tsohon zance?
Ni dai na san in mun shigo da dare
tana shafar reshen mangwaron bakin ƙofa,
kas, kas,
sai mai shayi ya ɗora ruwa, ya san mu na."

Na ari tsani na auna reshen.
Yara na dariya: mace a kan mangwaro da tef!
Na cire tsayin mota,
na cire abin da shekara talatin ta ƙara wa ƙasar tasha,
na koma ga littafina na makarantar kimiyya,
lissafi ya ce kamu shida, har da ɗan taƙi.
Reshe da littafi suka yi musabaha.

Sandar ƙarfe daga tsohuwar lemar kasuwa,
guda biyu, Sahabi mai walda ya haɗa bakinsu.
Sifirin daga sirdin keken da ya mutu.
Wayar tagulla na warware daga cikin fankar da ta ƙone,
na naɗa ta a guntun bututun roba,
zagaye bayan zagaye, kamar mai kitso,
na ɓace a ƙirga, na kwance, na sake.
Dalma ta ɗiga a babban yatsana.
Tabon na nan, ban shafa masa komai ba.

A hoton akwai ɗan lanƙwasa kusa da gindi,
wataƙila wata gada ce ta Kontagora ta duƙar da ita.
Na daɗe ina kallon tawa, miƙaƙƙiya sak.
Sai na sa gwiwa na lanƙwasa ta.

Ranar Laraba bayan la'asar
na kafa ta a kan kwanon ɗakin girki,
na jona batirin babur,
na murɗa.
Allurar ta yi motsi kamar mai juyi cikin barci.

Shuuu.

Tasha ta ɗaya, shuuu. Ta tara, ta goma sha tara.
Na danna na ce, "Jega ke kira, akwai mai ji?"
Wa zai ji? Kowa na da waya a aljihu.
Can wata murya ta ratso daga nesa
cikin harshen da ban taɓa ji ba,
ta yi dariya, ta nutse.

Na kai hannu zan kashe.
Inna ta ajiye faifan da take tsince shinkafa
ta ce, "Bar shi."
Ta jawo kujera 'yar tsugunno.
"Haka yake yi kafin ya yi magana.
In ya wuce Koko, haka yake yi."

Muka zauna.
Kaji suka shiga shinkafar, ba wanda ya kore su.
Iska ta kaɗa sandar a kan kwano
ta shafi wayar shanya,
kas.