Kujera ta Biyu

Kafin ladanin Agege ya gyara murya
na riga na ɗaure takalmi.
Danfo ta haɗiye ni, ta tofar a Oshodi,
wata ta kwashe ni zuwa Yaba,
buhun ƙwallaye bakwai a cinyata,
kwandasta na cewa sai na biya kuɗin mutum biyu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Ni ke buɗe ƙofar fili.
Ni na san inda rufi ke yoyo in damina ta kankama,
in kafa bokiti daidai layin jifa.
Na san Morenike ba ta karyawa in wata ya yi nisa,
sai in manta burodi a kan benci, in kau da kai.
Na san Ebiere na tsoron hannunta na hagu
kamar mai bin bashi ya yi sallama.
Wata huɗu muna dukan bango da ƙwallo, ni da ita,
har hannun ya zama ɗan gida.

Gwiwar dama ce ta kawo ni nan.
Na tashi sama a Surulere ina da ashirin da biyu,
na sauko, wani abu ya ce ƙas.
Likitan Igbobi ya ɗaga hoton ƙashi a haske,
ya daɗe bai ce komai ba.
Har yau in hadari ya taso daga teku
ita ke riga sama sanar da ni.

Babana, dillalin shanu a Oko-Oba,
sau ɗaya ya taɓa tambaya:
"Ladidi, wai ke ce kocin?"
Na ce, "Ni ce ta kusa da shi."
Ya ce, "Mai riƙe ƙafa ma jini na taɓa shi,"
ya ci gaba da alwala.

Ran wasan kusa da na ƙarshe
tanka ta faɗi a kan doguwar gada,
Legas ta tsaya cik, da Oga Oyelaran a cikinta.
Alƙalin wasa ya dubi agogo, ya dube ni.
Yara goma sha biyu suka dube ni.
Na ɗauki allon.
Na zaunar da doguwar da ake wa tafi,
na tura Rakiya, 'yar guntuwa mai ido a ƙeya.
Minti ashirin na yi a tsaye.
Ashe muryata na kaiwa bango ta dawo.
Aka tafi hutu muna gaba da tara.

Sai ga shi, riga sharkaf da gumi.
Ya ce, "Kin kyauta," ya miƙo hannu.
Na ba shi allon.
Na koma kujera ta biyu,
na buɗe littafin da nake ƙirga kurakurai.

Mun ci da uku.
A hoton da aka rataye a ofishin shugaban kwaleji
kafaɗata ce ta shiga,
da gefen mayafi, da igiyar usur.

Ba zan ce bai ci ni ba.
Kwana biyu tuwo na yi mini ɗanɗanon ƙasa.

An ce baɗi zai ajiye aiki.
An ce daga Ibadan za a kawo wani.
An ce, an ce.
Na dai miƙa takardata, karo na uku,
sakatariya ta ɗora mata kwanon abincinta.

Jiya da dare waya ta yi ƙara.
Ebiere ce daga Fatakwal,
tana koya wa 'yan firamare a filin ƙasa.
"Koci, akwai wata yarinya, hagunta kamar na aro.
Yaya kika yi da ni?"
Na ce, "Nemi bango."
Ta yi dariya har kati ya ƙare.

Na shafa wa gwiwa man zafi.
Ƙwallo biyu sun sace, famfon yana wurin maƙwabci,
kuma gobe akwai ruwa.