Jan Layi

A tashar Barisal, daren jajibirin Salla,
kogi ya cika ya batse.
Tofazzal ya sunkuya da tocila
yana neman jan layin da ke gefen jirgi.
Ruwa ya haɗiye shi. Ko alamarsa babu.

Mutum ɗari huɗu aka rubuta wa jirgin.
Ya ƙirga ɗari bakwai ya bar ƙirga,
ban da buhunan shinkafa, ban da awaki,
ban da jaririn da ke barci cikin kwando.

Ya ce, "Ba zan tashi ba."

Mirdha mai jirgi ya zo da laimarsa,
ya fara da murmushi, ya ƙare da ashar.
Ya cusa masa kuɗi a aljihun riga.
Tofazzal ya zaro su ya ajiye bisa benci
kamar mai mayar da takalmin wani
da ya saka bisa kuskure a ƙofar masallaci.

Fasinja ma ba wanda ya gode.
Wata tsohuwa ta tofar da jan yawu gab da ƙafarsa.
Wani ya ce, "Tsufa ne, ya koma matsoraci."

Aka kira wani yaro mai sabon agogo,
ya kama sitiyari, jirgi ya ɗaga.

Kana jira in ce ya nutse, ko?
Bai nutse ba.
Ya isa lafiya lau kafin asuba,
kowa ya yi Idi da danginsa,
aka yi ta dariyar Tofazzal har wata ya tsufa.

Shekara ashirin da biyu a kan ruwa,
ya miƙa makulli.
Shefali ta sayar da awarwaronta
suka sayi tukunyar shayi da kofi shida.

Wanda ya kashe zaki yana da fatar nunawa.
Shi wannan me zai nuna?
Gawar da ba a yi ba ba ta da suna,
ba ta zuwa ta ba da shaida.

Na tambaye shi ko ya yi nadama.
Ya tsiyaya mini shayi, bai ɗago ba.
Ya ce, "Kogi ya yi musu afuwa ran nan.
Afuwa ba lissafi ba ce."

Wani jirgi ya yi ƙugin tashi.
Na ga idonsa ya bar kofin,
ya gangara gefen jirgin, can ƙasa,
yana neman layin.