Kofuna Goma Sha Huɗu

Ni ne Eusebio, mai wanke kwalabe
a hawa na uku, sashen nazarin kwaɗi,
a Valdivia, inda ruwan sama bai san hutu ba.
Shekara ashirin da bakwai makullin nan na aljihuna.

Jiya sun manna sabuwar takarda a bakin ƙofa:
gurbi ɗaya, shekara biyu,
ga wanda ya gama digiri na uku.
A turo tarihin aiki da wasiƙun shaida
kafin ƙarshen Mayu, ƙarfe biyar na yamma.
Na danne kusurwar da ta ɗaga da babban yatsa.
Na san takardar nan. Kwanan wata kaɗai ke canzawa.

Rayén ta zo da sanyin bara waccan,
da akwati mai karyayyar taya
da shuɗin kofi mai tsaga a baki.
Dakta ce, amma ni na nuna mata
famfon da ke gardama da firjin da ke ƙarya.
Takan shiga daji da asuba, takalmin roba har gwiwa,
ta dawo da kukan kwaɗi cikin na'ura,
ta zauna saurare kamar mai karɓar saƙon gida.
Akwai wani, in ji ta, bai kai ɗan yatsa ba,
namijin ne ke renon 'ya'ya a maƙogwaro.
Na ce, shi ma kwantiragin shekara biyu aka ba shi?
Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.

Saura wata shida, dariyar ta ɗauke.
Rana ta kwaɗi, dare na takardun nema:
Uppsala, Kyoto, wani gari a Kanada
da harshena ya ƙi ɗauka.
Goma ta aika.
Tara suka ce, muna baƙin cikin sanar da ke.
Ɗaya bai ce uffan ba har yau.

Sai gurbin nan na gida,
wanda Baltasar na teburin gefe shi ma yake nema,
ga matarsa da ciki wata bakwai.
Da idona na gani, daren Laraba,
ta ja kujera kusa da shi,
ta ɗauki jan biro ta gyara masa shafi na biyu.
Na ce a raina, yarinya,
kina wasa wuƙar da za ta yanke ki.
Ban furta ba. Na ci gaba da ɗauraya.

Baltasar ya samu.
Ita ta sayo burodi da bandar kifi
daga kasuwar bakin kogi,
muka ci a tsaye tsakanin na'urori.

Yanzu tana koyarwa a wata sakandare a Osorno.
An ce ran Asabar takan kai yara shida daji,
ta sa su yi shiru, su ƙirga muryoyi.

Kofin ta bari. Duk suna barin kofi.
Na ɗora shi a kanta ta sama,
kusa da na Anselmo da ya koma sayar da inshora,
da na Solveig da ta zama farfesa, ba ta sake rubutowa ba.
Goma sha huɗu ke nan.
Shugaban sashe ya ce in zubar, ana bukatar wurin.
Na ce to.
Shekara tara ke nan ina cewa to.

A watan Agusta wani zai hawo matakalar nan,
jiƙe sharkaf, yana jan akwati,
ya tambaye ni inda ake ajiye kofi.